Mataki na Goma Sha Bakwai

Sunanta na gida Sai-Kuma, kuma Abbanta ne ya laƙaba mata shi. Tun tana 'yar shekara biyar ba a gaya mata abu ta ce to. A ce mata jeki ɗebo ruwa, ta ce sai kuma me? A ce ki kawo nan. Sai kuma me? A ce a sha mana! Sai kuma me? Yayanta ya sha rantsewa sai ya sa Umma ta ɗinke mata baki da keken ɗinki, amma Abba dariya kawai yake yi, ya ce ku ƙyale min 'yata, wata rana da wannan tambayar za ta ci abinci. Kowa ya ɗauka wasa yake.

To ga ta yau, shekara talatin da huɗu, da 'ya'ya biyu, da mijin da ya daina gardama da ita tun a shekarar farko don zaman lafiyarsa, kuma da tambayar take cin abinci. Tana aiki a wani ƙaramin kamfani a hawa na biyu, saman wani kantin fenti. Ɗaki ne dogo mai tebura takwas, da butar shayi ɗaya, da fankar rufi da ke ƙyas-ƙyas-ƙyas tun kafin a ɗauke ta aiki. Injiniyoyi shida ne ke zama ƙarƙashin fankar nan, kowanne da takardar shaidarsa a bango, amma ba wanda ya taɓa hawa kujera ya duba ta.

Manhaja ɗaya kamfanin yake da ita, ita ce uwa ita ce uba. Aikinta gwaji. Kafin a yanka ƙarfe ko a kwaɓa siminti, injiniya zai zana gada ko tankin ruwa ko rufin rumfa a kwamfuta, ya ɗora wa zanen nauyi na ƙarya, manhajar ta nuna masa inda abin zai lanƙwashe da inda zai karye. Idan gada za ta faɗi, gara ta faɗi a kan allo, inda ba kowa a kanta.

Sai-Kuma ba ta zana gada. Aikinta biyu ne. Tana rubuta littafin jagora, wanda ke gaya wa mai amfani da manhajar abin da zai danna da abin da zai bari. Sannan tana rubuta 'yan ƙananan shirye-shirye da ke sa kwamfuta ta yi da kanta abin da mutum kan ɓata rabin wuni yana yi da hannu. Ta yi wa Umma wannan bayani ya fi sau ashirin. Umma dai idan maƙwabta suka tambaye ta sana'ar 'yarta, cewa take yi, "Wasiƙa take rubuta wa kwamfuta, kwamfutar kuma tana jin maganarta. Ta fi mu sa'a, mu yarinyar nan ba ta taɓa jin tamu ba."

A ofis an san ta da abu guda, wato kujerar shiru. Farar kujerar roba ce a lungu, ƙafarta ɗaya ta ɗan gutsure. Duk sanda ta gama rubuta shafi, sai ta fita farauta. Ta kamo direban kamfani, ko matar da ke tsaron kantin fenti, ko duk wanda tsautsayi ya hawo da shi bene. Ta zaunar da shi gaban kwamfuta, ta miƙa masa shafin ta ce ya bi. Ita kuma ta jawo kujerar shiru ta zauna a kan tafukan hannuwanta, don kada su kuɓuce mata su nuna masa wuri. Ba ta cewa uffan. Inda duk mutumin ya tsaya yana sosa ƙeya, laifin shafin ne, ba nasa ba, kuma za ta sake rubuta shi ko da sau bakwai ne.

Abin da ta tsana a duniya shi ne jimlar da injiniyoyi suka fi ƙauna: "Sai ka saita komai yadda aka saba." Idan ta ci karo da ita, takan ɗauki takardar ta je ta tsaya kan mai ita.

"Wa ya saba?"

"Kowa mana."

"Matar kantin fenti ta saba?"

"Haba Malama, ita gada za ta gina?"

"To gaya min abin da kake dannawa. Yauwa. Sai kuma me?"

Mutane sun ɗauka naci ne kawai irin nata. Naci ne, ba a musu, amma akwai abin da ke ƙarƙashinsa, kuma yana nan a ɗakin Umma an rufe shi da tsohon zanen gado. Keken ɗinki ne baƙi, na ƙafa, wanda Umma ta yi shekara talatin tana ɗinki da shi. Abba mai gyaran agogo ne, kuma kullum da safe kafin ya fita rumfarsa shi ke zura mata zare a keken. Ko ta canja launi da rana, sai ta aika a kira shi. Yakan ce wannan aikinsa ne, kada wanda ya ƙwace masa. Da ya rasu, shekara shida ke nan, Umma ta ɗauki 'yan watanni kafin ta iya zama gaban keken. Ranar da ta zauna ta zura zaren da kanta, yadda aka koya mata tun tana budurwa, ta taka. Zare ya cukuikuye a ƙarƙashin yadi kamar sheƙar tsuntsu. Aka kira masu gyara har uku, kowanne ya kwance ya ɗaura, ya zuba mai, ya ce lafiyar keken ƙalau. Umma ta sa aka rufe shi, ta ce Abbanku ya tafi da sirrinsa.

Sai-Kuma ba ta taɓa yafe wa kanta ba. Ita da ta tambayi mutumin nan komai, har dalilin da ya sa agogo ke tafiya ta dama, ba ta taɓa tsayawa da safe ta ce Abba, me kake yi wa zaren nan ba. Wannan abu yana ci mata rai, kuma shi ya sa hankalinta ya tashi ranar da aka sanar cewa Baba Injiniya zai yi ritaya a ƙarshen wata.

Baba Injiniya shi ne mafi tsufa a ofishin, dogo, siriri, da tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a wuya. Duk aikin gada mai wuya shi ake kai wa. Yana da wata rular roba rawaya da lambobinta suka goge, kullum tana hannunsa yana wasa da ita, ya lanƙwasa nan ya lanƙwasa can, kamar ɗan firamare da darasi ya gundura. Manaja ya taɓa sayo masa sabuwa ta ƙarfe don a rufa wa kamfani asiri gaban baƙi. Baba ya yi godiya sosai, ya tokare taga da ita. Yanzu 'yarsa ta matsa ya koma wajenta, can wani gari mai nisa, ya huta da hawa bene. An sa ranar Alhamis ta ƙarshen wata, an ma sayi tikitin mota.

Manaja, mutum mai saurin magana da saurin yin alkawari, ya riga ya gaya wa abokan ciniki cewa sabuwar fitowar manhajar maɓalli ɗaya zai zama. Ka saka zanen gada, ka danna, ka je ka sha shayi. Ya kira Sai-Kuma ya ce, "Duk abin da ke kan tsohon nan, ki kwashe shi kafin ya hau mota."

Ta yi mako biyu tana bin Baba da littafi da biro. Shi kuwa bai ɓoye komai ba, har daɗi yake ji.

"Mataki goma sha shida ne, 'yata. Shekara ashirin da biyu ina yinsu. Ko cikin barci aka tashe ni zan lissafa miki."

Ya lissafa, ta rubuta. Ta ce sai kuma me, ya ce shi ke nan. Ta sake cewa sai kuma me, ya ce sai kuma in tafi gida in ci abinci. Ta mai da matakan nan goma sha shida shiri guda, ta ɗauko tsofaffin ayyuka goma da Baba ya yi da hannunsa a shekarun baya, ta ba shirin ya maimaita. Tara suka fito daidai da amsarsa, har ɗigo. Manaja ya fara tafi. Na goma ya ƙi.

Na goman wata gadar ƙafa ce da aka gina kan babban lambatu. Amsar Baba ta wancan lokacin ta ce sai ƙarfe mai kauri, kuma da shi aka gina ta. Shirin Sai-Kuma ya ce rabin wannan kaurin ma ya isa har da ragi. Ta duba shirinta layi-layi, ba kuskure. Ta sake bin matakan da hannu, ta sami amsar shirin. Wato akwai abin da tsohon nan yake yi wanda ba ya cikin goma sha shida, kuma saura kwana uku ya tafi.

Manaja ya ce tara cikin goma ai ko a makaranta an ci jarrabawa. Ta ce masa ita ma ta yarda, in dai shi zai fara bi ta kan gada ta goma. Ya koma teburinsa.

Ranar Talata da safe ta jawo kujerar shiru zuwa gefen Baba.

"Baba, yau kai ne a gaba. Ka yi min gadar ƙafar nan daga farko, ni kuma zan yi kallo."

Baba ya gyara zama. Ya goge tabarau duka biyun. Ya kawar da kofin shayi, ya tattara takardu, ya buɗe durowa ya jefa rular a ciki, don ba ya so a ce babba da shi ana kallonsa yana wasa. Sannan ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya, yana faɗar kowanne da ƙarfi kamar mai karanta rantsuwa a kotu. Ya danna na ƙarshe. Amsa ta fito, kuma amsar shirin ce, mai cewa rabin ƙarfe ya isa.

Ya daɗe yana kallon allon. Ya canja tabarau. Ya sake yi daga farko, a hankali fiye da da, amsar ba ta motsa ba.

"Wannan ƙarya ce," in ji shi. "Gadar nan ba za ta tsaya da wannan ba. Na san ƙarya ce, amma ban san ta ina ta shigo ba." Ya cire tabarau ya ajiye. "Ashe 'yata da ta ce in huta ta fi ni gaskiya. Kan ya fara yoyo."

Tausayinsa ya kama Sai-Kuma. Ba ta so mutumin nan ya sauka benen nan na ƙarshe yana ganin ya lalace. Ta wuni tana juya abin. Tana cikin motar haya da yamma, an matse ta tsakanin taga da wata mata mai buhun gawayi, sai ta tuna da yadda take ɗaure wa ƙaramin ɗanta igiyar takalmi. Kullum tana yi, idonta a kan agogo, bakinta yana faɗa. Amma ranar da yaron ya ce Mama nuna min a hankali, sai da ta ɓata sau biyu. Hannu ne ya sani, kuma da zarar an sa masa ido sai ya rikice.

Ranar Laraba ta riga kowa zuwa. Da Manaja ya shigo ta tare shi a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, alfarma nake nema. In Baba ya zauna, ka je ka ce masa ƙarar fankar nan daga fiffike ne."

"Kina so a yi gawa a ofishin nan?"

Dama tsohuwar rigima ce, ta kai shekara tara. Baba ya dage cewa cikin injin fankar ne ya cinye, Manaja ya dage cewa fiffike ɗaya ne ya karkace. An yi zane-zane a kan farin allo, an yi lissafi, an yi gaba ta kwana biyu, ba a dai hau kujera ba.

Baba ya iso jikinsa a sanyaye. Ta ajiye masa shayi, ta ce don Allah ya ƙara gwada gadar sau ɗaya, ita za ta je ta ɗauko takarda. Ba ta je ko'ina ba, bayan kabad ta tsaya. Yana buɗe zanen, Manaja ya zo wucewa, hannu a aljihu, ya ɗaga kai sama.

"Kafin ka tafi, Baba, gara ka amsa. Fiffike ne."

"Fiffiken wa? Kai ka taɓa jin fiffike ya yi ƙyas-ƙyas? Fiffike fal-fal yake yi!"

"Ya danganta da karkacewar."

"Ji min yaro! Ina sauraren injuna tun kana shan nono!"

Baki yana can yana yaƙi, hannuwa kuwa suka kama aikinsu. Yatsu suna ta danna-danna, ba mai lissafa musu mataki. Da aka gama na takwas, manhajar takan nuna ɗan hoton gadar a kusurwar allo, ƙarami kamar kan sarki, na daƙiƙa kaɗan. Nan hannun hagu ya ja durowa da kansa, ya fito da rula. Baba ya riƙe ta a kwance tsakanin yatsu, ya danna tsakiyarta da babban yatsa, ta lanƙwashe ƙasa. Ya saci kallon ɗan hoton da gefen ido. Ya ɗan yi tsaki, wanda Manaja ya ɗauka nasa ne. Hannun dama ya danna maɓallai biyu, tak-tak, ya wuce mataki na tara.

"Tsaya!" Sai-Kuma ta yi tsalle daga bayan kabad har ta ture kwandon shara. "Baba, me ka danna yanzu?"

"Ni? Ban danna komai ba."

"Me rula take yi a hannunka?"

Ya dubi hannunsa kamar na aro ne. Ta sa shi ya koma baya, suka tsayar da ɗan hoton suka faɗaɗa shi. Sai ga abin a fili. Wasu ofisoshin zane a kwance suke aiko da aikinsu, abin da suke kira ƙasa, manhajar gefe take ɗaukarsa. Sai ta riƙa tura gadar ta haƙarƙari maimakon ta danna ta daga sama, kuma ta haƙarƙari kowace gada jaruma ce. Baba yakan lanƙwasa rularsa yadda gada za ta yi in mutane sun hau, in hoton bai yi kama da rular ba sai ya juya zanen ya miƙe. Shekara ashirin da biyu yana yin haka, bai taɓa ƙirga shi cikin aiki ba.

Amsa ta fito, ƙarfe mai kauri, daidai da ta da. Baba ya yi dariya har da hawaye.

"Ashe ba kan ba ne ya yi yoyo. Ladabi ne ya kusa kashe ni."

A ranar ta gyara shirin. Yanzu idan ya kai nan yakan tsaya cak, ya baje hoton ya cika allo, ya rubuta: "Ɗauki rula ka danna tsakiyarta. Haka gadar ta lanƙwashe? In ba haka ba, danna nan." Manaja ya yi ƙorafi cewa ya yi wa mutane alkawarin maɓalli ɗaya. Ta ce ya gaya musu an yi musu gyara, sun sami biyu. Aka hawo da matar kantin fenti, aka ba ta shafin da rula, Sai-Kuma ta zauna kan hannuwanta. Matar ta kalli hoton ta ce, "A'a, wannan ai a karkace take," ta danna inda ya kamata.

Ranar Alhamis aka sha lemo, aka yi jawabai, Manaja ya kusa amsa cewa injin fankar ne, sai ya fasa. Da Baba ya tafi, Sai-Kuma ta tarar da rawayar rular a kan teburinta, ba ko takarda.

Ranar Asabar da hantsi ta je gidan Umma. Ta gaishe ta, ta wuce kai tsaye ta yaye zanen gadon, ta goge ƙura, ta ɗora sabon zare a kan keken.

"Ke kuma me ya kawo wannan? Rufe min abin nan."

"Ba ɗinki za a yi ba, Umma. Gardama muke da Yaya. Ya ce Abba ba ya magana in yana zura zare, shiru yake yi kamar yana gyaran agogo."

"Shiru? Wane Abban? Mutumin da bakinsa ba ya hutawa?" Umma ta miƙe tana gyara ɗankwali. "Matsa ki gani. Haka zai shigo, hula a karkace, ya ce ina kwana ranki ya daɗe, ba ni yake gaisarwa ba fa, keken. Ya lashi bakin zaren, haka. Ya ce yau wa za mu yi wa ado?"

Ta ɗauki bakin zaren, ta karkatar da kai irin nasa, ta ƙanƙance ido ɗaya irin nasa. Sai-Kuma ta zauna a bakin gado, ta tura hannuwanta ƙarƙashin cinyoyinta.

"Ya bi da shi nan, ya sauko nan, yana ta zuba. In ya zo wajen ɗan kunnen ƙarfen nan sai ya ce, wannan maƙwabcin rowa gare shi, sai an gaishe shi sau biyu. Ya zagaya, ya sake zagayawa. Shirme dai irin nasa. Sannan ya zura a allura ya ce bisimilla, Hajiya, a taka."

Tana faɗin a taka, ƙafarta ta taka, don shekara talatin ta saba da jin wannan kalmar. Akwai ɗan ƙyalle a ƙarƙashin allurar. Keken ya ɗauka, car-car-car, ya tafi sumul har bakin ƙyallen.

Umma ta tsaya. Ta zaro ƙyallen ta juya bayansa. Ɗinki ne lafiyayye, layi guda, ba cukuikuye ko ɗaya. Ta dubi ɗan kunnen ƙarfen da ya cinye saboda tsufa, da zaren da ya zagaye shi sau biyu. Ta shafa wurin da yatsa. Karo na farko a rayuwarta Sai-Kuma ba ta tambayi sai kuma me ba.

"Shekara shida ina jin haushinsa," in ji Umma. "Ina cewa ya tafi da abinsa. Ashe kullum da safe gaya min yake yi."

Ta share ido da gefen mayafi, ta jawo kujera sosai, ta miƙa hannu ba tare da ta waiwayo ba.

"Miƙo min rigar ɗanki da ta yage. Ke kuma ɗauko bironki ki rubuta, tun ina nan."